Geron da Malam Mode Ya Kawo

Masu hatsi na Ƙofar Rini sun daɗe da yanke wa Dakta Irmiya Didam hukunci, cewa karatu ya taɓa masa kai. Ba za ka ga laifinsu ba. Duk mai hankali in ya zo sayen gero sai ya cusa hannu cikin buhu, ya damƙo, ya shinshina, in ya ga saƙar tsutsa ya karkaɗe hannu ya yi gaba. Shi wannan bawan Allah saƙar ce ke kawo shi kasuwa. Sai ya faka tsohuwar motarsa, ya fito da riga mai gajeren hannu da biro a aljihu, ya bi rumfa-rumfa yana tambayar wa ke da geron da ya lalace.

"Dakta, yau ka taki sa'a!" haka suke tarbarsa. "Ga wani buhu can wanda ko jaki ya ƙi shi, don kai ɗai munka aje."

Shi ma ya yi dariya, ya durƙusa ya duba. In ya ga tsutsa na motsi sai fuskarsa ta washe, ya biya ba ciniki, a ɗora masa a mota ana ƙyafta wa juna ido.

Kiwo yake yi, kiwon da ba a saba gani ba. Akwai wata tsutsa da manoma ke kira murzuna. Ba ta zuwa sai gero ya fitar da kai ya yi bununi, wato sai manomi ya gama shan duk wahalarsa ya fara hango dami. A lokacin take shiga zangarniya, ta bi ta a murɗe tana ci, ta bar wa mai gona sanda. Ita ma Allah ya yi mata nata maganin: wani ɗan mitsitsin zanzaro, da ƙyar ya kai ƙwayar gero, wanda ke harbinta ta sandare, ya saka ƙwansa a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Sai dai a daji ba ya yin yawa sai ta riga ta gama ɓarna. Aikin Irmiya shi ne ya riƙe wannan zanzaro a ɗaki duk tsawon rani, ya tara shi, ya kai shi gonaki a daidai makon da ake buƙatarsa.

Riƙon kuwa ba wasa ba ne. Zanzaron ba ya wuce 'yan makonni a duniya, kuma ba ya haihuwa sai a jikin tsutsa. Da rani babu murzuna, don haka sai a ba shi tsutsar buhu, irin mai yin saƙa a hatsi. Ita kuma tsutsar buhu gero take ci. Gero ya ciyar da tsutsa, tsutsa ta ciyar da zanzaro, haka ake ta juyawa ba hutu. In ɗaya ya yanke na wata guda, duk abin da aka tara ya tafi.

Irmiya mutumin Zonkwa ne, ɗan malamin makarantar mishan. Bautar ƙasa ce ta kawo shi Sakkwato, da niyyar yana gamawa zai tattara ya gudu daga wannan zafi. Sai wata ƙaramar cibiyar binciken noma da ke bayan gari ta ɗauke shi aiki, sai ya haɗu da Lami a majami'arsu ta Sabon Gari, tana koyarwa a firamare, sai aure, sai 'yarsu Gloria. Kafin ya ankara har harshensa ya fara karkata zuwa na mutanen gari. Iyayen zanzaron nan a cikin 'yar kwalba ya shigo da su ta Illela, daga wajen wasu abokan aiki na Nijar, kwalbar na aljihun gabansa yana tare ta da tafin hannu kada rana ta buge ta.

Daga ranar bai sake zama mai kansa ba. Kirsimeti a gida ya zama labari. Da mahaifiyarsa ta rasu ya je aka binne ta, ya juyo tun 'yan gaisuwa ba su watse ba, dangi suka riƙe abin a rai har yau. Da rufin ɗakin gwaji na cibiyar ya fara yoyo, aka yi ta rubuta takarda ba gyara, sai ya kwaso bokitansa da kwalabensa ya kawo gidan hayarsa a Minanata. Gloria ta yi aure ta koma Jos, ɗakinta ya zama na ƙwari. Lami ta yi faɗa har ta gaji. Daga baya ita ce ke tuna masa, "Baban Gloria, yau ba ka ba yaranka zuma ba." Don zanzaron in ya girma ɗigon zuma yake lasa.

Manomin da ya fara yarda da shi sunansa Malam Mode, a wani ƙauye da ake kira Gidan Arzika. Sauran mutanen garin sun saurari bayanin cikin ladabi, suka ce Allah ya saka, suka koma harkokinsu. Wa zai yarda cewa maganin ƙwaro shi ne a ƙaro wani ƙwaron? Mode ne kawai ya ce a rataya a gonarsa, in ta lalace tasa ce. Aka rataya 'yan jakunkunan algarara a jikin itatuwa, kowace da ɗan tsakin gero da tsutsa da zanzaro a ciki. Da kaka gonar Mode ta fita daban. Shekara ta zagayo kowa na son jaka. Suka raɗa musu suna sojojin Dakta, garin kuma ya yi alkawarin daina feshi a gero, tunda feshi na kashe soja kafin ya kashe murzuna.

Tsakanin Irmiya da Mode abin ya wuce aiki. Sa'annin juna ne. Da Sallah Adawiyya matar Mode kan aiko wa Lami soyayyen nama, da Kirsimeti Lami ta aika da cincin da shinkafa. Amma akwai abu ɗaya da Irmiya bai taɓa faɗa wa abokinsa ba. Mode ya san akwai ɗan tsaki a cikin jaka. Bai taɓa tambayar abin da sojojin ke ci a sauran watannin shekara ba, shi kuma Irmiya ya ji daɗin rashin tambayar. Da wane baki zai gaya wa mutumin da ke auna wa iyalinsa hatsi da ƙwarya cewa shi buhu-buhu yake zuba wa tsutsa?

Kuɗin buhunan nan ba daga cibiya suke fitowa ba. Daga biro suke fitowa. A shekarun da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka cika gari da fararen motoci, suna neman wanda ya san ƙauyuka, ya iya zama a tabarma, ya kuma iya Turancin rahoto. Irmiya ya dace da duka. Ya rubuta musu a kan matan da ke turara shinkafa, a kan rijiyoyin da aka haƙa suka ƙafe, a kan abin da ke hana yaran manoma zama a makaranta da damina, a kan hatsin da ke lalacewa bayan girbi. Wasu ya gyara su suka fito a mujallun masana ci gaban ƙasashe. A gefe guda yana rubuta na ƙwari: yadda zafi ke rage ƙwan zanzaro, nisan da yake iya tafiya daga jaka zuwa gona. Su ma suka fito a nasu mujallun. In ka tara rubutunsa wuri ɗaya, ya fi na da yawa daga masu manyan kujeru.

To a nan aka yi masa abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Da lokacin ƙarin girma ya yi, aka aika takardunsa wajen masana na waje, kamar yadda aka saba. Masanin ƙwari ya duba ya ce aikin na da kyau, amma rabinsa ba na fanninsu ba ne, a kai wa masu nazarin ci gaba. Masanin ci gaba ya duba ya ce mutumin na da basira, amma shi mai ƙwari ne, a kai wa 'yan uwansa. Kwamiti ya zauna, ya sha shayi, ya rubuta cewa mai nema bai tsaya a fanni ɗaya ba. Ya sake nema bayan wasu shekaru, aka maimaita masa da wasu kalmomin. Yaran da ya koya wa riƙe madubin duba ƙwari suka zama farfesoshi, suna gaishe shi da "Oga" suna kauce wa idonsa. Shi a ganinsa fanni ɗaya yake yi tun farko, wato gero ya isa rumbu. Babu mujallar da ke da wannan sunan, kuma babu kwamitin da ya taɓa zuwa Gidan Arzika.

Abin ya ci shi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ya daina zuwa tarukan cibiya sai dole. Ya koma mai gajeren zance. Abin da ya riƙe shi a tsaye shi ne ɗakin nan. Yakan ce wa Lami takarda ta ƙi shi, amma yaransa ba su ƙi shi ba.

Sai ga shekarar da komai ya haɗe masa. Ƙungiyoyin agaji suka naɗe tabarmarsu ɗaya bayan ɗaya, wasu saboda rashin tsaro a ƙauyuka, wasu saboda can ƙasashensu an rufe musu famfon kuɗi. Albashin cibiya ya maƙale wata da watanni. Gero ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Kuma a ƙarshen shekarar zai yi ritaya, ga idonsa ya fara hazo, sai ya ɗaga kwalba ya karkata ta wajen taga kafin ya ga abin da ke ciki. Ya nemi wanda zai karɓi kiwon a cikin matasan cibiyar, kowa ya yi murmushi ya ce zai yi tunani. Bai ƙara tambaya ba. Burinsa ya rage guda ɗaya: ya kai sojojin nan watan Agusta da rai, ya rataya su a Gidan Arzika, ko da shi ne na ƙarshe.

A Ƙofar Rini yanzu babu mai yi masa ba'a. Ruɓaɓɓen geron da ake ajiye masa mutane ne ke layi a kansa, mata su saya su bakace su kai gida. Wanda ke cikin manyan buhuna kuwa duk an barbaɗe shi da magani, don ba ɗan kasuwar da zai bar ƙwaro ya taɓa dukiya irin wannan. Gero mai magani guba ne ga tsutsarsa. Ya bi kasuwannin gari bai samu wanda ya aminta da shi ba. Ya ɗebi na tukunyar Lami ya zuba, ta gani ta ƙyale shi. Ana cikin watan Yuni bokitan suka koma gari da ɓawo, tsutsa na hawa bangon bokiti tana neman abinci.

Ya daɗe yana juya waya a hannu kafin ya kira Mode. Ya san rumbun Mode kamar ɗakinsa. Dami-dami ake jera gero a ciki da zangarniyarsa, ba sussuka, ba magani, haka kakanninsu suka yi. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa, aka sake tambayar iyali.

"Dakta, lahiya dai?" in ji Mode. "Muryakka ba ta yi mini daɗi ba."

"Lafiya lau, Malam Mode. Dama... ko akwai ɗan gero a wajenku? Ko kaɗan ne. Na gari ya gagara."

Mode ya riga ya ji labarin ma'aikata ba albashi. A ransa ya ga Dakta da Madam zaune a gida ba abin ɗorawa a wuta, mutumin da ya cika musu rumbuna shekara da shekaru. Abin ya sosa masa zuciya.

"Hatsi kaka so, Dakta, har kat tsaya kewaye-kewaye? Da ni? Jibi ina nan tahe, in Allah ya so."

Irmiya ya buɗe baki zai ce ba na ci ba ne. Bai faɗa ba. Damina ta fara, lokacin da rumbu ke ƙasa, kowane gida na tsimi. Ya yi godiya ya kashe waya.

Ranar da hantsi Mode ya iso a bayan babur, da rabin buhu a ɗaure. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a bakin dakali, ya kwance bakin buhun da kansa don a gani.

"Wanga ba na sayarwa ba na. Adawiyya da hannunta tas sheƙe shi, tab bakace. Ta ce a gaida Madam, ta ce a yi haƙuri ba yawa."

Irmiya ya damƙo ya buɗe tafinsa. Gero ne fes, ƙwaya cikakkiya, babu huda ko ɗaya. Sai shakka ta zo masa. Ya yi shekaru yana duba hatsi, ya san geron da ya kwana tun kaka har damina ba ya fitowa haka. Ya kai hanci, bai ji komai ba sai ƙamshin gero. Tambayar ko an sa masa magani na bakinsa, kalma kaɗan ce. Sai ya ɗaga kai ya ga Mode na kallonsa yana jiran ya ji an yaba. Mutum ya ɗebo daga bakin 'ya'yansa, ya biyo hanyar da ake tare mutane, ya kawo maka har ƙofar gida, kai kuma ka tsaya kana bincikar kyautarsa kamar ɗan kwastan? Kuma in ya tambaya, dole Mode ya ce don me, dole gaskiya ta fito. Ya ce wa kansa ai na rumbu ne, sussukar jiya ce, shi ya sa.

"Malam Mode, ban san da wane baki zan gode ba."

"Haba Dakta. Mu da munka ci arzikinka?"

Mode ya sha ruwa, ya ƙi tsayawa abinci, ya ce yana son ya koma kafin la'asar saboda hanya. Yana tafiya Irmiya ya ɗebi mai yawa a cikin geron ya sa aka barza a injin unguwa. Ya san ƙa'ida, shi ya rubuta ta da hannunsa a mujalla: sabon abinci a fara gwada shi a bokiti ɗaya. Amma bokitan duk yunwa ɗaya suke ji, kullum da safe yana kwashe matattu. Ya zuba wa kowane bokiti, ya rufe da ƙyalle, ya fito yana goge hannu. Ranar har ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Kwana biyu bayan haka ya buɗe bokitin farko da safe, ya tarar ba motsi. Tsutsar ta yi baƙi-baƙi ta miƙe a saman tsakin. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Yana buɗewa yana magana shi kaɗai, har Lami ta jiyo ta leƙo da zani a ƙirji. Da ta ga fuskarsa sai ta gane abin da ya faru.

"Baban Gloria," ta ce a hankali, "jiya na ɗibi kaɗan zan yi mana kunu. Da na surfa na zuba ruwa, sai ruwan ya yi fari-fari, yana warin maganin nan na hatsi. Na wanke shi sosai. Ban kawo komai a raina ba, ai haka na kasuwa ma yake yi."

Bai yi mata faɗa ba. Me ta yi? Shi ma Mode me ya yi? Wa ke cin gero bai surfa ya wanke ba? A wajen mutum ɗan garin magani ba abin faɗa ba ne, an bakace ya fita, sauran ruwa ya tafi da shi. Wa ya gaya wa Mode cewa masu cin wannan geron ba sa wanki?

Manyan zanzaron da ke cikin kwalabe suna nan da rai, waɗanda bai riga ya sa musu sabuwar tsutsa ba. Suna yawo a jikin gilashi suna neman inda za su saka ƙwai. In ya samo tsutsa mai lafiya kafin su tsufa, da sauran dama. Ya shiga mota ya bazama. Ya koma Ƙofar Rini, ya shiga shagunan baya, ya roƙi a bar shi ya duba ƙarƙashin buhuna. Ya je wajen masu injin niƙa ya kankare lungunan da gari ke maƙalewa. Ya je gidajen 'yan majami'arsu yana tambayar ko akwai tsohuwar shinkafa ko masara da ta yi saƙa, matan na kallon juna. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa jama'a yaƙi da ƙwarin hatsi, ga shi yana yawo a birnin Sakkwato yana neman buhu ɗaya da ƙwari suka ci, ya rasa. Yunwa ta share gari tas, abin da bai da magani an cinye shi. 'Yan ƙwayoyin tsutsar da ya tsinto ba su isa komai ba, wasu ma ba irin da ake so ba ne.

Ya ci gaba da ɗiga musu zuma. Kullum da safe ya ɗaga kwalba wajen taga ya ga masu motsi sun ragu, na ƙasa sun ƙaru. Lami ta daina shiga ɗakin. Wata Lahadi sun dawo daga sujada ya shiga ya daɗe, ya fito ya zauna a dakali bai cire takalmi ba. Ta kawo masa ruwa ya karɓa ya riƙe.

"Sun ƙare, Maman Gloria."

Ta zauna kusa da shi. Ta so ta ce za a sake, amma ta san ba za a sake ba. Abokan Nijar sun watse, wasu sun mutu. Sake tara kiwo daga daji aikin watanni ne, na mai ido da kuɗi da sauran shekaru a gaba. Ya yi kuka ranar, kuka na gaske, irin wanda bai yi ba a kabarin mahaifiyarsa. Sauran geron Mode kuwa suka ci gaba da cinsa, don ba su da wani.

Mode ya kira a farkon Agusta ya ce gero ya fara fitar da kai. Irmiya ya ce yana zuwa. Ba zai iya faɗa a waya ba. Ya bar motarsa a gida saboda mai, ya hau ta haya, ya ƙarasa da babur. Gonaki sun yi kore shar a hagu da dama, damina ta yi kyau. Ya sa mai babur ya tsaya, ya shiga wata gona ya lanƙwaso zangarniya ya kai ta dab da idonsa. Ga ƙwan murzuna nan a maƙale cikin bununi, da yawa. Ya duba ta kusa da ita, haka. Bana murzuna za ta zo da ƙarfinta.

Mutanen Gidan Arzika suka taso tarbarsa, idon kowa na kan hannunsa. Hannun ba komai. Mode ya ja shi zaure, aka kawo fura. A kusurwar zauren Irmiya ya ga buhuna a jere masu tambarin wata ƙungiya da ya taɓa yi wa aiki.

"Ina rumbun naka, Malam Mode?"

"Rumbu? Ai mun bar aje hatsi waje tun da ɓarayin daji sunka ƙone na mutanen gabas da mu. Yanzu sussukewa muka yi, mu sa ɗaka. Waɗanga buhunna da garin magani ƙungiya tab ba mu kahin su tahi." Ya yi murmushi. "Sun ce cikin takardakka sunka gani, Dakta, cewa hatsinmu na lalacewa. Ka ga ko nan ma kai na."

Irmiya ya tuna rahoton. Buhu mai hana iska shiga ya ba da shawara a raba, wanda ba ya buƙatar magani. Ashe da aka je saye an ga garin magani ya fi araha. Ya kalli buhunan, ya kalli ƙwaryar furar da ke hannunsa, ya ajiye ta.

"To ina sojojinmu?" in ji Mode. "Ko suna tahe baya?"

"Babu su bana, Malam Mode. Sun mutu."

"Dukansu?"

"Duka."

"Innalillahi. Mi yas same su?"

Ga Mode zaune, da raminsa da farin gemunsa, Adawiyya na bayan zana tana jiran ta ji ko baƙo ya sha fura. In ya faɗa, mutumin nan zai kwana da sanin cewa da hannunsa ya ɗauko abin da ya kashe amfanin garinsu, ya kai shi birni a bayan babur. Kuma garin zai sani.

"Zafi ne," in ji Irmiya. "Zafin bana ya yi yawa. Ni ma na yi sakaci."

Mode ya girgiza kai ya daɗe yana salati. Bai zarge shi ba, hasali ma shi ya koma yana ba shi haƙuri, yana cewa rai duk na Allah ne, na mutum da na ƙwaro. Sannan ya ɗan murza yatsun ƙafarsa. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wata kwalbar roba da tankin feshi na goyo, ya ajiye a gaban Irmiya kamar mai jin kunya.

"Ranar kasuwa nis saye ta. Na ce ko da Allah ya sa ba ka samu zakkuwa ba. Ka yi haƙuri, Dakta, na san ba ka so. Amma ɗiyanmu sai sun ci. Mu mun daɗe ba mu yi ba, mun mance awon. Ga shi rubutun na Turanci na."

Irmiya ya san abin da ke cikin kwalbar tun kafin ya karɓa. Ya san tsutsa na shigewa cikin zangarniya inda feshi ba ya kai mata sosai. Ya san 'yan tsirarun jikokin sojojinsa da suka saura a dajin nan tun bara, su ne za su fara mutuwa. Ya kuma san ba shi da wani abin da zai ba wannan mutum a madadinta. A ƙofar zaure mutane sun taru suna saurare, wasu da irin kwalbar a aljihu.

Ya fito da tabarau ya saka, ya matsa bakin ƙofa inda akwai haske, ya karkata kwalbar ya karanta.

"Murfi biyu a tanki," ya ce. "Ku yi da sassafe, kafin iska ta tashi. Ku rufe hanci."

"Murhi biyu!" Mode ya ɗaga murya ya faɗa wa na waje. "Kun ji, Dakta ya ce murhi biyu."